Wa'adin Kabarin Baba

Litinin, 9 ga Oktoba

Yau Oga Pitter, shugabanmu a wajen aiki, ya miƙo mini kwalin takardun liƙawa masu ruwan ɗorawa, ya ce fili na sha huɗu. Bai kalle ni ba. Ya san wanda ke kwance a can, shi ya haƙa ramin ina ɗan shekara shida.

Na bi layi ina liƙawa a jikin duwatsu. Abu ɗaya aka rubuta a dukansu: wa'adi ya cika, dangi su kwashe abin da suke so kafin Maris, daga nan za a baje wurin. Kabarin layi ke nan. Shekara ashirin gari ke ara maka ƙasa, ba a ƙarawa, ko da kuka ko da lauya. Na sani mana, aikina ne a maƙabartar nan. Na baje na mutane da yawa ina fito.

Na Baba na bari sai ƙarshe. Egon Steffes. Na liƙa can ƙasa, bayan furannin Mama, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Talata, 10 ga Oktoba

Mama ta gani. Ta kankare ta da farce, ta ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, har kan matattu suna liƙa talla.

Mama tana manta tukunya a kan wuta. Tana sa takalmi a firji. Wani lokaci ta kira ni Torben, wani lokaci ta ce "kai yaron nan", wani lokaci ta yi ta kallona tana jiran in faɗi abin da ya kawo ni gidanta. Amma hanyar kabarin Baba ba ta taɓa ɓace mata ba. Tana gama shayi sai ta ɗauki kwat, ta wuce gidan burodi, ta tsallaka titi a inda ya kamata, ta shigo ta ƙaramar ƙofa. Butar ban-ruwanta tana rataye a jikin ƙarfen famfo cikin na mutane, duk koraye, kowa ya ɗaure tasa da kwaɗon keke. Makullin nata yana wuyanta a igiya. Ba ta taɓa kuskuren buta ba.

Idan ta dawo daga can takan yi yini guda tana mutum. Har gishiri take sa wa miya daidai.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na sake liƙawa. Ta sake kankarewa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Yaya Silke ta kira daga Luxembourg. Ta ce ta daɗe da sanin ranar nan na zuwa, ni ne kawai nake yin kamar ban iya lissafi ba. Ta ce ta riga ta sa sunan Mama a jerin masu jiran ɗaki a gidan tsofaffi, don likita ya faɗa a gabanmu cewa abin da ke riƙe da Mama zuwa maƙabarta ne, ranar da ya tsinke sai abin da Allah ya yi.

Na ce bari in gwada tukuna. Ta ce in gwada me? Na ce ban sani ba. Ta yi ajiyar zuciya irin ta manyan yayye, ta tambaye ni ko ina cin abinci.

Ban ga laifinta ba. Shekara goma sha biyu ta ba ni, ita ta san Baba da ransa. Ni hannunsa kawai nake tunawa, da warin man ɗumama ɗaki, don tanka yake tuƙawa yana bin gidaje.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na shiga ofis da takalmin aiki, Madam Kesselheim mai kula da takardun maƙabarta ta dubi tabon da na bari a ƙasa kafin ta dubi fuskata. Amma mace ce mai kirki. Ta ce da Mama ta zaɓi kabarin iyali tun farko da ana sabuntawa, na layi kuwa babu. Na ce a tono shi a mayar wani wuri. Ta ce in tambayi Oga abin da ake tararwa a ƙasarmu mai danshi bayan shekara ashirin. Ba sai na tambaya ba.

Na ce to waɗancan da ke bakin babbar hanya fa, da nake share wa ganye kullum? Ta ce waɗannan na girmamawa ne, gari ke riƙe da su har abada, sai majalisa ta zauna ta yarda cewa mutum ya yi wa garinmu Trier abin tunawa. Ta ce, "Torben, mahaifinka ya yi wani abu?"

Na ce yana kai wa mutane mai. Muka yi dariya ni da ita, gajera.

Mu ma'aikata Manya muke ce musu. Magadan gari, malaman jami'a, wani attajirin giya, wata mawaƙiya. Da abincin rana na ba Oga labari, yana cin burodi da tsiran alade a kan baro. Ya ce garin nan tun zamanin Rumawa yake haifar manya, sarakuna sun zauna, limaman coci sun yi mulki, amma mai wayo a cikinsu shi ne mai gemun nan, uban aƙidar gurguzu, da Sinawa ke zuwa ɗaukar hoto da gunkinsa, da ya gudu Landan ya mutu inda babu Madam Kesselheim. Ya ce ni kuma, dogo, in ci abinci in daina kallon ƙasa kamar na yar da kuɗi.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ranar tsarkaka, ranar da ake ziyartar matattu. Maƙabarta ta cika, ko'ina jajayen kyandirori. Mutanen da ba mu gani sai shekara-shekara sun zo da sababbin kwat suna neman kaburburan iyayensu, suna tambayata hanya.

Mama ta yi kyau yau. Ta shafa jan baki. Ta kunna wa Baba kyandir, ta gaya masa burodi ya yi tsada, ta ce masa Silke ta samu miji, abin da ya faru tun ina makaranta. Fada, limamin cocinmu, ya wuce yana yayyafa ruwa, ta yi alamar gicciye daidai.

A layinmu duka, kaburbura uku ne kawai aka kunna wa wuta. Sauran takardun da na liƙa suna nan yadda na bar su, ba wanda ya taɓa.

Da yamma na tare Dokta Amlinger. Tsohon malamin tarihi ne, shi ke zagayawa da mutane wajen Manya yana ba su labari, kuma an ce yana cikin masu ba majalisa shawara. Yau ma mutanensa sun taka gefen fili na sha huɗu suna ja da baya don hoton dutsen attajirin giya ya fito sosai. Na jira suka watse. Na cire hula.

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan na yaba masa. Ya ce a garin da ya haura shekara dubu biyu, layin masu jiran a tuna da su yana da tsawo. Ya tambaya ko an taɓa rubuta wani abu a kan Baba. Na ce a'a. Sai na tuna da labarin ambaliya.

Kowa a gidanmu ya san shi. Shekarar da kogin Mosel ya shigo unguwar bakin ruwa dab da Kirsimeti, kafin a haife ni, Baba ya samo kwale-kwale ya yi ta fito da tsofaffi ta taga. Mama takan ce mutum bakwai, wani lokaci tara.

Dokta ya ɗaga gira. Ya ce wannan wani abu ne. Ya ce in samo wanda ya gani da idonsa.

Na dawo gida ina jin kamar na sha giyar tuffa kofi biyu. Wauta.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Muna haƙa sabon rami can gefen katanga, haƙorin katafila ya bugi dutse. Oga ya kashe inji ya zagi kakan wani. Akwatin gawa ne na dutse, irin na Rumawa. A garin nan ko ramin shuka ka haƙa da zurfi sai ka tashi wani.

Kafin la'asar mutanen gidan tarihi sun iso, an kewaye wurin da igiya, an kafa rumfa don kada ruwa ya taɓa shi. Wata yarinya mai gilashi ta durƙusa tana share ƙashin da ɗan buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Na tambaye ta ko waye. Ta ce ba su sani ba, namiji ne dai, haƙoransa sun lalace, da alama ya yi aikin ƙarfi. Na ce me ya yi wa gari? Ta ce ba ta gane ba.

Oga ya ce sirrin shi ne mutum ya yi haƙuri kada a lura da shi, in ya kai shekara dubu da ɗari bakwai sai a zo da buroshi. Ashirin ɗin farko ce mai wuya.

Asabar, 2 ga Disamba

Na sauka unguwar bakin ruwa. Gidajen masunta duk sun koma gidajen abinci. Na shiga uku, masu kai abinci ba wanda aka haifa lokacin. Wani tsoho mai kare ya nuna mini layin da aka ja a bango inda ruwa ya kai, ya wuce kaina. Ya ce shi a lokacin yana aikin soja. Ya ce in nemi Madam Orth, mai shagon taba a da, ita ta taga aka fito da ita, in tana raye.

Talata, 12 ga Disamba

Mama ta zuba sukari a injin wanki. Da safe kuwa ta je wajen Baba ta lulluɓe shi da rassan bishiyar Kirsimeti saboda sanyi, ta jera su tsaf kamar sawun kifi. Ni da nake aikin ban iya jerawa haka ba.

Na daina liƙa takardar. Oga ya kau da kai.

Litinin, 25 ga Disamba

Yaya Silke da mijinta sun zo. Dankali da kabeji mai tsami, yadda Baba yake so in ji Mama. A kicin na tambayi Yaya labarin ambaliya. Ta ce ita tana ƙarama, abin da ta tuna kawai Baba ya dawo jiƙe ya yi mako yana tari. Ta ce, "Ƙanena, kada ka sa ranka." Ta manta rabon da ta kira ni haka, ni ban manta ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na sami Madam Orth. Tana gidan tsofaffi a ƙetaren gada, shekararta casa'in da wani abu, kanta garau, ya fi na Mama nesa ba kusa ba. Ɗakin yana warin miya da sabulu. Na yi ta kallon ƙofofi da dogon barandan, ina ƙoƙarin ganin Mama a ciki.

Da na ce Steffes sai fuskarta ta washe. Ta ce yaron Steffes ai shi ya ɗauke ta kamar buhun dankali, rigar barci a jikinta, tana ta zaginsa don ya bar mata kyanwa. Ta ce ya koma ya ɗauko kyanwar. Na fito da waya zan ɗauki muryarta.

Sai ta ce, "Mai jan gashin nan. Erwin."

Na ce Egon.

Ta ce a'a, Erwin, ƙanen. Ta ce Egon ai baƙin gashi ne da shi, mai tankar mai, ta san shi sarai, ba ya son ruwa ko kaɗan. Shi yana tsaye a kan matakala, ruwa iya cinya, yana riƙe da igiyar kwale-kwalen don kada ya tafi da ƙanensa. Tun safe har duhu, in ji ta, bai saki ba. Ta ce mutumin kirki ne, yakan sa musu mai ko ba su kira ba in ya ga sanyi ya yi yawa.

Baffa Erwin ya mutu a Hamburg da daɗewa, an ƙona shi an zuba tokar a teku. Ba shi da dutse ko'ina.

Na mayar da wayar aljihu. Ta ba ni alewa.

Litinin, 15 ga Janairu

Babu mai ƙaryata ni in na ce Baba ne. Tsohuwa ɗaya ce, kuma ba za ta daɗe ba. Na yini ina juya wannan ina barbaɗa gishiri a kan ƙanƙarar hanya.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na gaya wa Dokta Amlinger yadda abin yake. Igiya ya riƙe. Ban san me ya hana ni yin ƙaryar ba, ba tsoron Allah ba ne, ina ganin gajiya ce.

Ya ce ya ji daɗi da na faɗi gaskiya. Ya goge gilashinsa ya ce shi ma bari ya faɗi tasa: ko da Baba ne ya shiga kwale-kwalen, da wuya majalisa ta yarda, akwai wani masanin taurari da aka haifa a nan da yake ta kai sunansa shekara da shekaru ba a duba ba. Ya ce zai iya ambaton Baba in yana zagayawa da mutane, in ina so. Na ce a ina zai tsaya ya nuna?

Ashe wata uku na yi ina bin abin da ya san babu. Ya ce bai so ya karya mini gwiwa ba ne. Masu ilimi haka suke tausayi.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Bikin shigar burtu, gari ya haukace, manya da yara sun yi shigar sojan Rum suna jifa da alewa. An rufe titi. Mama ta je wajen Baba lafiya, a dawowa ta tarar da ganguna a inda take tsallakawa. Matar gidan burodi ce ta same ta zaune a bakin shago tana rawar sanyi, ta kira ni.

Ban gaya wa Yaya ba.

Juma'a, 1 ga Maris

Oga ya ce ran Talata za a fara. Ya ce in ɗauki hutu, shi da Dragan abokin aikinmu za su yi. Na ce a'a. Dragan ba mugu ba ne, amma yana tuƙa katafila yana cin tuffa, kuma yana jan dutse ta wuya.

Maganar dutsen. Dangi na iya ɗauka. Mu muna bene hawa na uku, ba mu da lambu. Yaya ta ce mijinta ba zai yarda a ajiye dutsen kabari a gaban gidan haya ba, kuma gaskiyarsa. Wanda ba a ɗauka ba ana kai shi injin niƙa, ya zama tsakuwar shimfiɗa titi. Na sha faɗa wa mutane wannan da bakina, da murya mai laushi da aka koya mini.

Yaya za ta zo ta tafi da Mama wajenta har a gama.

Talata, 5 ga Maris

Na yi.

Na fara cire rassan da hannu. A ƙarƙashi furannin farkon bazara sun fara leƙowa, ba su san komai ba. Na ɗaura wa dutsen majanyi biyu, na ɗaga shi da katafila a hankali. Ya fi yadda nake zato sauƙi. Ba a taɓa abin da ke ƙasa, sama kawai ake bajewa, a watsa irin ciyawa, ƙasa ta huta kafin a kawo wasu. Baba yana nan dai. Sai dai ba wanda zai ce ga shi nan.

Oga ya tsaya a gefe hula a hannu har na gama. Sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau, ɗan Egon," ya tafi ya yi wa Dragan faɗa a kan abin da bai kai ba.

Laraba, 6 ga Maris

Motar duwatsu ta tafi. Ban duba ko ina ta nufa ba.

Litinin, 11 ga Maris

Mama ta dawo jiya. Ni da Yaya mun yi mata bayani a teburin kicin, ta ce to, ta ce madalla, ta tambaya ko mun ci abinci. Yau da safe ta ɗauki kwat.

Na bi ta a baya. Ta buɗe kwaɗo, ta cika buta, ta bi hanya, ta karya kwana a wajen bishiyar da take karyawa. Sai fili. Jar ƙasa shimfiɗe, da sawun katafilata.

Ta tsaya. Ta koma wajen bishiyar ta sake tahowa, ko ta yi kuskure. Ta sake. Butar tana zuba a kan takalminta. Da na matso sai ta dube ni da rigar aiki, ta ce, "Malam, don Allah, mijina nake nema. A nan na bar shi."

Na ce Mama ni ne. Ta ce ta sani, amma ina mijinta.

Ban iya rubuta sauran ba.

Juma'a, 22 ga Maris

Ba ta fita. Ba ta cire rigar barci. Shayi sai na riƙe mata kofi. Jiya ta yi fitsari a kujera ta ɓoye matashin a bayan labule. Na ɗauki hutu, hutun ya kusa ƙarewa.

Yaya ta ce gidan tsofaffi sun kira, akwai ɗaki a farkon Yuni. Wani zai mutu ke nan kafin Yuni, sun riga sun sani. Na ce to. Ta yi mamaki da ban yi gardama ba, har ta ce ko lafiya.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Ƙararrawar babbar majami'a tun safe. Ba mu je ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Na koma aiki, maƙwabciyarmu Madam Jost tana leƙa Mama. Wajen hantsi Oga ya zo inda nake yankan shinge ya ce in ajiye almakashi in zo in ga wani abu, kada in yi gudu.

Mama ce. Kwat a kan rigar barci, takalmi ƙafa daban-daban. Ta wuce fili na sha huɗu gaba ɗaya, ciyawa ta fara fitowa, ta bi hanya har inda ta ƙare a jikin katanga. Akwai wani tsohon dutse a can, baƙi, gansakuka ta cinye rabin rubutun. Cikin Manya yake, amma na can baya, waɗanda ko Dokta ba ya kai mutane wajensu. Balthasar Wendling, likitan ido, ya mutu tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Sau biyu a shekara nake zuwa in share shi in tafi.

Tana durƙushe tana cire ciyayi da yatsu tana yi wa dutsen faɗa kamar na Baba ne. Wai dubi yadda ya bar kansa, ita ta yi 'yar rashin lafiya kaɗan shi ke nan sai wuri ya koma kango.

Oga ya ce a hankali, wannan bawan Allah ya fi shekara tamanin ba wanda ya yi masa faɗa, yau ya samu.

Ban yi dariya ba. Na ji haushi ne, ban san da wa ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na kai ta gaban dutsen na karanta mata sunan da ƙarfi, ina bin haruffan da yatsa. Na ce Mama wannan ba Baba ba ne, wani likita ne, ba mu san shi ba. Na ce Baba yana can, na nuna ciyawa.

Ta dubi ciyawar, ta dube ni. Sai ta ce in matsa ina tare masa rana.

Da daddare ta sa gishiri a miya daidai.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Kullum tana zuwa. Ta goge dutsen da buroshin wanke tukunya har rubutun ya fito, ita ba ta karantawa. An rubuta ya yi wa talakawan gari aikin ido kyauta. To. Wataƙila shi ma mutumin kirki ne. Ni dai ba ubana ba ne.

Na bi ta kan fili na sha huɗu da injin yankan ciyawa. Na yi ƙoƙarin gane daidai wurin, na auna daga bishiya. Ban tabbata ba. Ni da na ɗaga dutsen da hannuna.

Yaya ta ce wannan ba ya canza komai, Yuni tana nan. Ta ce gidan yana ƙetaren kogi, ba mai barin Mama ta fito ita kaɗai. Na sani. Na ce ran Lahadi zan riƙa ɗauko ta. Ta ce in kai ta wajen wa?

Litinin, 6 ga Mayu

Doka ce ba a shuka wa Manya komai sai abin da ofis ya rubuta, kore kawai, mai jure rashin kulawa. Mama ta ce wannan ba fure ba ne, abincin zomo ne, mijinta ja yake so. Tun makon jiya take faɗa.

Akwai ragowar jajayen furanni a bayan rumfarmu da za a zubar. Ba saya na yi ba. Da ma zubarwa za a yi.

Ita ta nuna inda za a sa, ni na haƙa. Ƙasar wurin tana da kyau, baƙa, ba a taɓa motsa ta ba. Oga ya wuce da baro, ya tsaya, ya dubi furannin, ya ce in Madam Kesselheim ta tambaya shi makaho ne, kuma likitan idon ya riga ya mutu.

Saura 'yan makonni kafin Yuni. Ta ba shi labarin farashin burodi, ta ce masa Torben ya girma, yana aikin gari, yaro ne mai haƙuri kamar ubansa. Ina tsaye a bayanta da shebur. Ban taɓa jin ta faɗa ba.

Da za mu tafi ta ce ba a juya wa uba baya haka, in yi masa sallama.

Na duba, ba kowa a hanyar. Na ce sai gobe, Baba.

Don ta yi shiru ne kawai. Gobe in na zo da wuri zan ƙara musu ruwa kafin rana ta yi, jajayen nan ba sa jure ƙishi.